Busar Baba Usman

Wata huɗu na yi a Jidda ban sa saksafon ɗina a baki ba. Mutumin da ya yi mini hanya tun daga Kaduna cewa ya yi wani otal ne a bakin teku ke neman mai busa, baƙi na cin abinci ina yi musu kiɗa. Da na sauka sai na tarar babu wani otal. Kafilina, wato ubangidan da zamana a ƙasar ke hannunsa, mai kamfanin shirya zauren biki ne a Aziziyya, kuma abin da aka rubuta a iƙamata, wato katin zamana a ƙasar, shi ne lebura. Da na nuna masa akwatin saksafon ina ƙoƙarin yi masa bayani da guntun Larabcina, sai ya dubi akwatin, ya dube ni, ya ce, "Yalla, kujeru na jiranka."

Kujerun kuwa na ɗauka. Mu loda su a mota da safe, mu jera su a zaure da rana, washegari mu kwashe. Shekara goma sha ɗaya na yi ina busa kafin in zo, tun daga badujalar makarantarmu ta sakandare har otal-otal na Kaduna da Abuja, sai ga ni ina leƙen makaɗan biki ta bayan labule da tarin kujeru a kafaɗa. Mu shida ne a ɗaki ɗaya. Zafin Jidda ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, ka yi wanka ka goge jiki amma kamar ba ka goge ba. In na kira matata Hadiza ta tambaye ni aiki, sai in ce lafiya lau, baƙi har tafa mini suke yi. A nan na fara koyon ƙarya a garin, kuma ban sha wuyar koyonta ba.

Ranar da na buɗe akwatin nan a wata na biyar, wari ne ya fara tarbata. Danshi ya cinye fatun da ke toshe ramukan, wasu sun yi funfuna, wasu sun ɓanɓare. Na hura, sai wani kuka ya fito kamar na akuyar da aka taka. Direban kamfaninmu, wani mutumin Sudan, yana tsaye yana kallona. Ya ce in je Nuzla in tambayi shagon Amm Usman, wato Baba Usman. "Ɗan'uwanku ne, Hausa yake ji. Ba abin da ba ya gyarawa."

Ran Juma'a bayan an sauko na tafi. Nuzla unguwa ce mai lunguna, gidaje sun matse juna, wayoyin lantarki sun yi saƙa a sama. Na yi ta tambaya har wata mai sayar da ƙosai ta amsa mini da Hausa, ta nuna mini wata 'yar ƙofa tsakanin shagon tela da na mai burodi. A ciki na tarar da dattijo dogo, siriri, da farar jallabiya, yana gyaran wani keken ɗinki. Bayansa murhun gas ne da fankoki da tsofaffin rediyo, a bango kuma an rataye kayan busa iri-iri.

Na yi sallama da Hausa. Ya ɗago kai ya cire tabarau.

"Ɗan wane gari?"

"Kaduna, Baba."

"To mu daga Haɗeja kakana ya taso zai zo Makka a ƙasa. Ya kai Sudan ya ga ruwa da ƙasar noma, ya ce bari ya huta shekara ɗaya. Har yau muna hutawa." Ya yi dariya ya miƙo hannu. "Kawo mara lafiyar."

Mako biyu ya yi yana aikinta. Da na koma ya ƙi karɓar komai, ya ce ladansa shi ne in busa ya ji. Ni kuma da ƙishin wata biyar a wuyana, na zuba masa duk abin da na iya, yatsuna na gudu sama da ƙasa. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ya waladi, ɗana, wa ya biyo ka?"

Ya sauko da tasa daga bango, tsohuwa, duk zinariyar jikinta ta goge. Ya jiƙa beli, ɗan siririn karan da ake sawa a bakin saksafon, ya lumshe ido. Abin da ya busa bai fi layi huɗu ba. Mai burodi ya bar tanderunsa ya zo bakin ƙofa ya tsaya. Ni dai na san tun da nake ban taɓa jin sauti mai kauri da taushi haka ba, kamar mutum na yi maka magana a hankali kusa da kunne. Sai na tuna mahaifiyata, ban san dalili ba, na juya fuska ina duban fankoki.

Daga nan kowace Juma'a ina can. Ya ba ni labarinsa kaɗan-kaɗan, muna cin wake da burodi muna kurɓar shayi. A ƙuruciyarsa ya yi busa a ƙungiyoyin kiɗan jaz na Omdurman a Sudan, bukukuwa da kulob-kulob, kafin ya zo Jidda ya yi tuƙi shekaru masu yawa. Matarsa ta rasu. 'Yarsa Nafisa tana aure a bayan layinsu, ita ke aiko masa abinci. Da ya ji yadda muke kwana mu shida, sai ya share mini wani ɗan ɗaki a saman gidansa, ya ce wa Nafisa ta ƙara hannu a tuwo. Zazzaɓi ya taɓa kayar da ni kwana uku, shi ya riƙa hawa matakalar nan da gwiwoyinsa masu ciwo yana kawo mini kunu.

Abu ɗaya ke ci masa rai. Sau ɗaya aka taɓa ɗaukar ƙungiyarsu a gidan rediyo, kuma kaset ɗin ya ɓace tun da daɗewa, kafin shi ma ya ji shi. "Shekara hamsin ina hura ƙarfen nan," in ji shi, "in na mutu yau babu minti ɗaya nawa a ko'ina." Na ce ai ga waya, yanzu-yanzu sai in ɗauke shi. Ya ɗaga mini hannu. Ya ce waya mayar da busa take kamar kukan sauro, shi in za a ɗauke shi, to a ɗauke shi da mutunci, a ɗakin da aka yi don haka, da makaɗa a bayansa. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan taɓa kunna masa waya ba. Na yi.

Ina cikin shekara ta biyu Ustaza Amal ta zo shagon. Haifaffiyar Jidda ce, kakanninta daga Katsina suka zo aikin hajji suka zauna. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar sai rabi ya fito da Larabci. Ta yi karatun kiɗa a Turai, ta dawo ta buɗe ɗakin ɗaukar sauti a unguwar Safa, kuma Baba ke gyara mata kayan busa. Ranar ta zauna a kan wani tsohon akwati ta ba mu labarin aikin da ke gabanta.

Akwai wani tsohon wasan kwaikwayo na mutanen Italiya, irin wanda ba a magana a cikinsa sai waƙa daga farko har ƙarshe, suna kiransa ofera. Ya haura shekara ɗari. Ita ta zaɓi waƙoƙi takwas daga ciki za ta yi faifai da su, amma babu mawaƙi ko ɗaya. Muryoyin za ta raba wa kayan busa, a bayansu ga masu gogen Turawa da mai fiyano da masu ganga, mutum sama da talatin, a juya komai zuwa jaz. Bakwai sun zauna. Ta takwas ce ta gagare su, wata waƙa da wata mata ke yi tana sallama da garinsu.

"An rubuta mini ita sau uku, ya ammi," ta ce wa Baba, "kullaha barda, duk sanyi ƙalau. Babu rai."

Ta bar mana takardun waƙar da muryar wata mawaƙiya ta da can. Ta ce mai saksafon ɗaya take so ya ɗauki waƙar, wuri ɗaya ne. In mun samo wani abu mu zo mu biyu nan da mako uku. Tana fita ta juyo ta ce mini duk wanda ta ɗauka aiki tana iya mayar da kafalarsa kan kamfaninta. Wannan maganar ta shige ni ta zauna.

Baba bai iya karanta rubutun kiɗa ba, da kunne yake komai. Ni na iya. Na kunna masa muryar matar, ya saurara sau uku. A na huɗu ya ce, "Sun ɗauka kuka take yi. Wannan ta riga ta gama kukanta, kaya take ɗaurewa." Ya ɗauki saksafon ya fara taɓawa. Ya rage wa waƙar gudu. Ya zare wasu sautuka ya bar guda biyar, irin yadda waƙoƙin Sudan da namu na gida suke tafiya. Inda matar ke haurawa sama da ƙarfi, shi sai ya sauka ƙasa ya yi shiru na numfashi biyu, sannan ya dawo. Ya ce masu goge su riƙe sauti ɗaya dogo a ƙarƙashi, kada su motsa, ganga kuma ta shigo a makare kamar mai tafiya yana waiwaye. Yana faɗa ina rubutawa. Kwana goma sha biyu muka yi a haka, kullum bayan la'asar in na dawo daga kujeru. Duk abin da ke takardar nan nasa ne. Rubutun hannun kawai ne nawa.

A cikin kwanakin na lura in ya cire beli daga baki akwai ja-ja a jikinsa. Haƙoransa biyu na sama, waɗanda mai busa ke dafa bakin saksafon da su, sun fara girgiɗi. Likita ya ce a cire, Nafisa ta yi ta faɗa, shi kuma ya ce a bar masa su wata biyu. "In na gama wannan, su kwashe duka in suna so."

Ranar da waƙar ta kammala ya ce zai busa ta daga farko har ƙarshe in ji. Wayata tana aljihun gaban rigata. Na sa hannu kamar ina gyara maɓalli, na danna. Na gaya wa kaina don in adana masa ne. Minti shida da 'yan daƙiƙu. Bai taɓa busa kamar ranar ba.

Saura kwana biyu mu je wurin Ustaza, kafilina ya kira ni ofis. Ya ce aiki ya ja baya, ƙarshen wata zai buga mini fita ta dindindin in koma ƙasarmu. Na fito na zauna a bayan mota tsakanin kujeru. Na tuna Hadiza da yara biyu da duk ƙaryar da na tara musu. Ranar a Safa muka kai kaya, layi uku tsakaninmu da ɗakin Ustaza. Takardun suna jakata. Na ce wa kaina bari in miƙa mata su kawai ta duba kafin mu zo.

Ta karanta a tsaye. Ta zauna ta sake karantawa. Ta miƙo mini wata saksafon da ke jingine ta ce, "Busa." Na kwana biyu ina sauraron abin da ke wayata ta abin kunne, na haddace har inda Baba ke jan numfashi. Na busa shi kamar yadda yake. Da na gama sai na ga mai kula da na'urori ya cire abin kunnensa yana kallona ta gilashi.

"Ya Allah," in ji Ustaza. "Min? Wa ya yi wannan?"

Tsakanin tambayarta da amsata babu tsawon komai. Ba zan ce shaiɗan ba, ba zan ce ruɗewa ba. Na san abin da nake yi.

"Ni ne."

"Amm Usman fa? Na ce ku zo tare."

Na sunkuyar da kai kamar mai jin nauyin magana. Na ce tsufa ya kama shi, numfashinsa ba ya kaiwa, hannunsa rawa yake. Na ce yana jin kunyar ya faɗa mata, don Allah kada ta ɗaga masa maganar. Ta dafa ƙirji ta ce miskin, ta gode mini da na rufa masa asiri.

Da na koma Nuzla na tarar ya wanke jallabiyarsa ya kai guga, ya goge saksafon tana ƙyalli. Na ce masa na bi ta wurin Ustaza, ta ce a ba shi haƙuri, masu ba da kuɗin aikin sun sa ƙa'ida ba a ɗaukar wanda ya wuce shekara sittin.

"Halas, shi ke nan," ya ce. "To waƙar fa?"

"Sun ce ni in gwada, Baba."

Sai fuskarsa ta saki. "Alhamdu lillahi. Ba ta bar gida ba ke nan. Ɗauko taka, akwai wurin da kake sauri."

Mako uku ya yi yana gyara mini busa. Ya buɗe wani ɗan gwangwani ya ba ni belin da ya daɗe yana ɓoyo don ranarsa. Safiyar da za a fara ɗauka ya rako ni har bakin titi da sandarsa, ya tsayar mini da mota, ya ce wa direban da Larabci, "Ka tuƙa a hankali, ɗana ne, yau za a ɗauke shi a faifai."

Ɗakin ɗaukar sautin ya fi duk abin da na taɓa gani. Masu goge yawancinsu Misirawa ne, mai fiyano ɗan Filifin, mai ganga wani saurayi ɗan Jidda mai tarin gashi. An sa ni a tsakiya. Da muka zo wurin shirun nan na numfashi biyu, mutum talatin suka tsaya cak, ba ka jin ko motsin takarda, sannan goge ya taso a ƙarƙashina. Abin da ya zo mini a rai shi ne, wannan ɗakin ne ya yi shekara hamsin yana jira. Sau biyu kawai muka ɗauka. Wani dattijo cikin Misirawan ya zo ya sumbaci goshina, ya ce a ina na samo wannan tsufan a busata ina yaro haka. Na yi murmushi.

Bayan kwana biyu Ustaza ta ce za su haɗa ɗan bidiyo kan yadda kowace waƙa ta samu. In ina da wani abu a waya, gwaji na farko ko makamancinsa, in kawo a zuba a kwamfuta. Ta miƙo hannu tana jira. Na ce bari in duba. Na fita na zauna a matakala. A farkon ɗaukar nan ana jin muryarsa ƙarara yana cewa, "To saurara, ya waladi." Na dubi abin na ɗan lokaci. Na goge shi. Na shiga inda waya ke ajiye abin da aka goge, na sake goge shi a can. Na koma na ce mata babu komai.

An mayar da kafalata. An ba ni ɗaki a Safa mai na'urar sanyi da tagar da ke kallon babban kanti. Na aika wa Hadiza hotona da kwat a tsakiyar makaɗa, wannan karon ba ƙarya. Zuwa Nuzla ya koma mako biyu-biyu, ya koma wata-wata. In na je ba na iya cin abincin Nafisa, sai in ce na ƙoshi. A wani zuwan na tarar an cire haƙoran, har da wasu biyu na gefe, an sa masa na roba. Ya nuna mini yadda suke zamewa in ya dafa bakin saksafon. Ya hura, iska kawai ta fito da ɗan fito. Ya yi dariya ya mayar da ita bango. "Ta yi ritaya," in ji shi.

Faifan ya fito bayan wata bakwai. A ƙarƙashin waƙa ta takwas an rubuta sunana sau biyu, mai tsarawa da mai busa. Ita ce mutane suka fi so. Na ji ta a motar haya, na ji ta a wani shagon kofi a Aziziyya inda na taɓa sauke kujeru. Nafisa ta gaya mini daga baya cewa Baba ya sa an kunna wa mai burodi da tela da duk wanda ya shigo shago, yana cewa ku ji ɗana. Bai taɓa ce wa kowa shi ya yi ta ba. Da ta karanta masa abin da aka rubuta, cewa ya yi wataƙila haka tsarinsu yake, wanda ya riƙe alƙalami shi ake sawa.

Abin da ban lissafa ba shi ne kirkin Ustaza. Wata Asabar ta sayi alawa ta ɗauki faifai ta tafi gaishe shi. Nafisa na nan. Ustaza ta riƙe hannunsa ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta so ƙwarai a ce da shi aka yi, amma ni na gaya mata batun numfashin da rawar hannun. Nafisa ta ce wace rawar hannu? Wace ƙa'idar shekara sittin? A tsaye a shagon nan su biyu suka warware komai, shi yana zaune yana jinsu.

Ustaza ba ta ɗaga mini murya ba. Ta kira ni ofis, ta juyo mini da kwamfuta, na ga ta riga ta sa an canza sunan mai tsarawa a duk inda ake sauraron faifan ta intanet. Waɗanda aka buga kuwa sun riga sun fita. Ta ce zan ƙarasa kwantiragina saboda iyalina, amma ranar da za a yi wasan a gaban jama'a wani ne zai busa ta takwas. Sannan ta ce da Hausarta mai tsinkewa, "Ni zan iya jira shi. Wata ɗaya, wata biyu, zan iya. Kai ka hana ni in sani." Tun daga ranar ba ta sake kirana da sunana ba, sai ya ustaz.

Kwana tara na yi kafin in iya zuwa Nuzla. Da hantsi na isa. Nafisa ce a bakin ƙofa za ta fita da kwanuka. Shekara biyu tana ce mini ɗan'uwa, ranar ko gaisuwata ba ta amsa ba.

"Ka san da jini yake busawa?" ta ce. "Kullum sai na wanke masa hankici. Na ce Baba ka bari, ya ce saura kaɗan." Ta matsa ta ba ni hanya. "Shiga. Ya hana ni in kore ka."

Yana zaune da wata fanka a cinya yana kwance ta. Ya rame. Na durƙusa a ƙasa tsakanin murhunan gas, na fara magana, ban san ma da me na fara ba. Na faɗi batun kafili da fitar da za a buga mini. Ya ce ya sani. Ya ce da na gaya masa a lokacin, da shi da kansa zai je ya roƙi Amal ta ɗauke ni ko a cikin masu busa na baya, ai akwai kujeru da yawa a wurin.

"Sunan bai dame ni ba," ya ce. "Wallahi bai dame ni ba. Amma ka sa na yi wa yarinyar nan fushi a zuciyata wata bakwai, ba ta yi mini komai ba. Wannan ka nemi gafararta." Ya juya fankar. "Ni na yafe. Tashi, ƙasan akwai mai."

Da na tashi a nan, da an gama. Babu wanda ya san sauran, babu kuma yadda za a yi a sani. Na kai hannu zan dafa gwiwa in miƙe, sai na ji ba zan iya ɗaukar yafiyar nan a kan rabin laifi ba.

"Baba, akwai saura."

Na gaya masa. Aljihun riga, alkawarin da na karya, minti shida. Yadda na yi ta sauraronsa a mota har na haddace. Sannan matakala.

Hannunsa ya tsaya a kan fankar.

"Ka ɗauke ni?"

"Na ɗauke ka, Baba."

"Ranar da na yi ta duka?"

"Ranar."

"Kuma babu ita yanzu. Ko a wurin masu gyaran waya?"

Na ce na kai wa mutum uku a kasuwar waya, duk sun ce ta tafi.

Ya ajiye abin kwance ƙusa a hankali. Bai ce ya yafe wannan ba, har yau kuma bai ce ba, ni ma ban tambaya ba. Na koma Kaduna bara da kwantiragina ya ƙare, ina kiransa duk Juma'a, muna maganar zafi da ciwon gwiwa da yara. Amma a ranar, muna zaune a shagon, ana ta hayaniyar masu sayen burodi a waje. Ina jira ya ce in fita. Sai ya cire tabarau ya goge su da bakin jallabiya, ya matso da kujerarsa kusa da ni, ya rage murya kamar mai tambayar abin kunya.

"Mai busa ba ya jin kansa yadda mutane ke jinsa. Ta cikin ƙashin kai yake ji. Ni ban taɓa ji daga waje ba." Ya dube ni. "Kai ka ji sau nawa?"

"Ya fi ɗari, Baba."

"To gaya mini. Yaya nake?"

Na buɗe baki. Ni kaɗai ne a duniya zan iya amsa masa, kuma ni ne mutumin da ba shi da dalilin yarda da maganarsa. Duk da haka ya karkato da kunne yana jira. Na share fuskata, na fara daga numfashin farko.